Bayan biki a Kano, ina za mu kai yaran nan?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa nake so ya yi magana, ba wanda ya gani a hoto ba. Za a aurar da ƙanwata a Kano Asabar ɗin ƙarshen Nuwamba. Zan taho daga Legas da iyali gaba ɗaya: ni, uwargida, yara uku (shekara 11, 8 da 5), sai Hajiyarmu da ke wurina tun bara saboda ciwon gwiwa. In an gama biki muna da kwana huɗu kafin mu juya. Yaran nan a Agege aka haife su, Arewar da suka sani ita ce tsakar gidan kawunsu da shagon askirim. Rannan na tambayi na tsakiyan yadda gero yake a gona, ya ce min ai a buhu yake fitowa. Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai. Wurare uku nake juyawa: gandun dajin Yankari na Bauchi, Daura da Katsina, ko Jos. Ƙanina zai ba ni motarsa. Ina za mu dosa?

Ɗan Bauchi:
Wa alaikumus salam. Alhaji ai ba ka da tambaya. Yankari. A rufe zancen.

Maman Ilham:
Ɗan Bauchi ko shawarar maganin mura aka nema a gidan nan, Yankari za ka ce.

Ɗan Bauchi:
To ai yana maganinta, Hajiya. Shiga ruwan ɗumin Wikki da ke cikin dajin da asuba ki gani.

Malam Na-Gwale:
Kafin a kai ga ina za a je, yaran ba sa makaranta ne? Ƙarshen Nuwamba ai bitar jarrabawar zangon farko ake yi. Mu malamai mu muke shan wahalar yaron da ya ɓace mako guda ya dawo ranar jarrabawa yana zare ido.

Baban Khalifa:
Malam gaskiyarka. Na je makarantar da kaina, sun ce sai mako na biyu na Disamba za su fara, sun kuma ba babban aikin da zai taho da shi. Ko babu yawon ma dole su zo bikin gwaggonsu.

Malam Na-Gwale:
To shi ke nan. Amma ya yi aikin, kada a dawo da shi yadda aka tafi da shi.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Baban Khalifa bari in yi maka bayanin Yankari yadda yake, don na ga Ɗan Bauchi talla kawai yake yi. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne lokaci. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba gidan zu ba ne da za ka tarar da giwa a keji tana jiranka. A ƙarshen kaka ciyawa ba ta daɗe da barin ruwan sama ba, gamba ta fi mutum tsayi a wurare da yawa, kuma akwai sauran ruwa a tafkuna nan da can cikin dajin. Dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Lokacin da ake ganin namun daji sosai shi ne in rani ya yi nisa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ko'ina ya ƙafe, komai ya gangaro kogin Gaji shan ruwa. To amma a lokacin kuma zafi ba ya ɗaga wa yaro ƙafa, balle tsohuwa.

Saboda haka in ka je ƙarshen Nuwamba, ga abin da zan iya cewa za ku gani: gwaggon biri, har sai kun gaji da shi. Gadu yana yawo a tsakanin ɗakunan kwana kamar akuyar gida. In kun fita zagaye da sassafe, akwai kyakkyawan zaton ganin gwambaza da mazo, wataƙila ɓauna ko gwanki, da tsuntsaye iri-iri. Giwa kuwa sa'a ce. Kana iya ganin kashinta sabo da rassan da ta kakkarya, ita kuma tana can cikin duhuwa. Zaki kada ma ka saka shi a lissafi. Abin da nake roƙonka, kada ka yi wa yaro ɗan shekara 5 alkawarin giwa tun daga Legas, don shi ba ya mantuwa.

Abin da ƙarshen kaka ya fi kowane lokaci da shi shi ne ruwan Wikki. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. A watan Afrilu ba za ka ji daɗinsa sosai ba, don iskar waje ta fi shi zafi. Amma da safiyar sanyi, ka sauka ka ga tururi yana tashi a kansa, ruwan garau kana hango yashin ƙasa, wannan kam yara ba za su so fita ba. Ta wajen dutsen da yake ɓuɓɓugowa yana shanye babba, can ƙasa kuma akwai inda bai wuce gwiwa ba. Ƙaramin dai a riƙe shi.

Ɗan Bauchi:
Ranka ya daɗe ai ka ƙara min talla ne ba ka sani ba.

Maman Ilham:
Ni abin da zan ƙara, birin nan ba abin wasa ba ne. Mun je da yarana, na fito da kular dambun nama na ajiye a kan bayan mota ina neman makulli a jaka. Wallahi kafin in ɗago wani ƙato ya sure ta ya haye bishiya, ya buɗe murfin kamar shi ya saya. Ilham ta yi kuka har da majina, babanta kuwa dariya har da riƙe ciki. Kada yaro ya riƙe leda ko biskit a hannu a waje, kada a bar taga a buɗe, kada a bar ƙofar mota ba a kulle ba. Sun fi raina mata da yara, in suka ga namiji da sanda sukan ja baya.

Bakatsine Mai Kunya:
Yanzu fisabilillahi mutum ya ce yana so 'ya'yansa su san Arewa, sai ku tura shi wurin birai? Yallabai, abin da ya dame ka fa shi ne yaro bai san gero ba, bai san asalinsa ba. Daga Kano zuwa Daura ta Kazaure awa biyu ne ko ƙasa da haka. Ka kai su rijiyar Kusugu, su ja ruwa da guga da hannunsu, a ba su labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajidda da Daurama, a wurin da aka ce abin ya faru. Yaron da ya sha ruwan rijiyar nan ba zai ƙara manta Hausa Bakwai ba ko a jarrabawa. Ku wuce ta gaban fadar Sarki. Washegari ku shiga Katsina, ku ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, ku shiga tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Kuma duk hanyar nan gonaki ne hagu da dama. A wannan lokacin an yanke gero, ana kan dawa da wake, za su ga dammuna a jingine, su ga ana sussuka, su ga amalanke da kara. Ba sai ka biya kowa kuɗin shiga ba.

Na Haɗeja:
Bakatsine ya yi magana mai ma'ana yau, a rubuta kwanan wata.

Bakatsine Mai Kunya:
Kai dai bawana, je ka kama kifi.

Hajiya Babba:
Ni batun Katsina gabana ke faɗuwa. Da yara da tsohuwa a mota? Kullum fa muna jin labari.

Bakatsine Mai Kunya:
Hajiya ba na musun akwai matsala, mu muke binne 'yan'uwanmu. Amma jihar Katsina ba gari ɗaya ba ce. Inda abin ya fi ƙamari yamma ne da kudu, wajen dajin Rugu da iyakar Zamfara, su Batsari, Safana, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari. Daura tana can gabas, ta wajen Jigawa. In aka ce Katsina sai a haɗa mu duka a buhu ɗaya, har mai son zuwa gaishe da mahaifiyarsa ya fasa.

Hajiya Babba:
Ban ce a haɗa ku ba ɗana. Na ce dai wanda ya ɗauko amanar yara uku ba ya tafiya da "ai ba komai".

Direban Dogon Zango:
Ku bar ni in shiga nan, don hanya sana'ata ce, shekara da shekaru ina jan mota tsakanin Kano, Bauchi da Gombe. Hajiya da Bakatsine duk kuna da gaskiya. Labarin hanya ba a ɗaukarsa a waya wata guda kafin tafiya. Hanyar da take lafiya yau tana iya canzawa jibi, wadda ake tsoro bara tana iya zama ta fi kowacce cikowa bana. Alhaji, ana gobe za ka tashi ka shiga tasha, ka sami direban da ya shigo daga can a ranar, ka saya masa shayi ka tambaye shi. Shi ne jaridarka. Wannan har Yankarin, don shi ma daji ne, kuma yankin Alkaleri ya sha shiga labarai. Ka kira ma'aikatan wurin ka ji ta bakinsu kafin ka ɗauko yara.

Sai dokata guda da ba na karyawa da iyali a mota: a tashi bayan sallar asuba in gari ya fara haske, a sauka kafin la'asar. Ba don 'yan fashi kaɗai ba. Lokacin kaka ne, manyan motoci sun cika titi da buhuna, wasu ba fitilar baya, ga amalanken shanu da ke hawowa kwalta da magariba ba ko ƙyalle mai haske. Ga hayaƙin ƙunar daji da ke rufe hanya. Na fi tsoron waɗannan da komai.

In Bauchi ka zaɓa: Kano, Wudil, Birnin Kudu, ka karya ta Ningi, ka shiga Bauchi. Ka ware awa biyar da tsaye-tsayen yara. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama zuwa ƙofar dajin a Mainamaji. Kada ka ga ƙofa ka ce an iso, daga nan zuwa masaukin Wikki akwai kusan kilomita 40 a cikin daji, kuma ba a gudu. Ka cika tanki a Bauchi. Ka riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da tura kuɗi ta waya a can ciki. Ni da ni ne, ba zan haɗa Kano da Wikki a yini ɗaya da tsohuwa ba. A kwana Bauchi.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri direba. Ka ga irin wannan nake nema. To Jos fa? Ba wanda ya ce komai, kuma uwargida can ta fi karkata.

Anti Rabi Jos:
Ina nan ina karanta ku, jira nake a gama cika baki. Jos daɗi gare ta a wannan lokacin, ba na ɓoyewa. Gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200, iska mai tsabta, duwatsun Shere, ga gidan tarihin da aka buɗe tun 1952 inda za su ga kawunan Nok, tsofaffin gumakan yumɓu da aka tono a ƙasa, ga kuma filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Ka shiga kasuwar Farin Gada su ga kabeji da karas da dankalin Turawa tuli-tuli kamar yashi. Amma tsakani da Allah, Baban Khalifa, ka ce Hajiya na da ciwon gwiwa. Sanyin Jos na ƙarshen Nuwamba ba irin na Kano ba ne, shiga ƙashi yake yi. Mu da aka haifa a nan ma da safe sai mun dafa ruwan alwala. Yaran da suka saba da gumin Legas, dare ɗaya za ka ji tari ya tashi. In za ku zo, ku zo da rigunan sanyi na gaske da safa da hula, ba 'yar suwaitar makaranta ba. Ni dai da za a bi tawa, a bar Jos sai hutun Ista, lokacin da sauran Arewa ke ƙuna mu kuma muna shan iska.

Ɗan Bauchi:
Anti Rabi Allah ya biya ki. Mutumin Jos da kansa ya miƙa wuya.

Anti Rabi Jos:
Ban miƙa wuya ba, tsohuwa na tausaya wa. Kai kuma in sun zo ka saya musu masa da kuɗinka, tunda kun ce taku ta fi ta kowa.

Na Haɗeja:
Tunda kowa na yabon gyaɗarsa, bari in faɗi wurin da ba ya cikin lissafinka, amma shi ne ainihin na wannan lokacin. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Kun san shamuwa takan zo da damina ta tafi in ruwa ya ɗauke. To tana tafiya wasu baƙin ke sauka, tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara su zo su yi hunturu a wurinmu. Daga Oktoba suke fara isowa, zuwa ƙarshen Nuwamba ruwan ambaliya bai janye ba, fadama cike take. Ka je Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ko Dagona can wajen Gashuwa inda Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya taɓa zuwa kallon tsuntsaye a 1989. Agwagin ruwa dubbai, kirinjijiya, ɗinya, zalɓe, in sun tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar an kaɗa babban tabarma a sama. Ka sa yaro a kwalekwale, ka nuna masa ɗan tsuntsun da bai kai tafin hannunsa biyu ba, ka ce wannan daga Turai ya zo da fiffikensa ba biza. Ga girbin shinkafa, ga masunta, ga kifi banda.

Matsalar dai biyu ce, ba zan rufe ka ba. Ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa da yawa, sai da ɗan gari wanda ya san inda ake bi. Sannan ba wurin da aka shirya wa baƙo mai iyali ba ne, masauki sai a cikin Haɗeja ko Nguru, ka yi sammako ka je ka dawo. Sauro kuma nan ne gidan ubansa.

Bakatsine Mai Kunya:
Wato ka gayyaci mutum ya kawo wa sauro 'ya'yansa daga Legas. Haɗejawa ke nan.

Nas Hauwa:
Tunda an ambaci sauro bari in sa baki. Mutane na ɗauka da ruwa ya ɗauke zazzaɓi ya tafi. A asibiti kuwa Oktoba da Nuwamba gadajen yara cike suke, don sauron ƙarshen damina bai gama mutuwa ba. Ko ina kuka zaɓa, ku taho da gidan sauronku, kada ku dogara da na masauki. Sai hazo. In cikin yaran akwai mai asma, abin shaƙarsa ya kasance a jakar hannu, ba a but ba. Man kaɗanya ko basilin don leɓe da ƙafa, a ɗan shafa a bakin hanci ma saboda haɓo, don busasshiyar iskar nan tana fasa hancin yaron da bai saba ba. Gishirin zawo guda biyar ba ya cin wuri. Su sha ruwa ko ba su ce suna jin ƙishi ba, a sanyi yaro ba ya tambaya. Hajiya kuma duk awa ɗaya da rabi a tsaya ta sauko ta taka, zaman mota mai tsawo ya fi tafiyar ƙasa cutar gwiwa.

Baban Khalifa:
Na gode Nas. Ƙaramin yana ɗan yin tari in an yi sanyi, za mu ga likitansa kafin mu taso.

Ba Damagare:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina jin ku kuna ta Daura, Daura. Daga Daura zuwa iyaka a Kongolam ai taku kaɗan ne, ku ƙaraso Damagaram mana ta Matamaye. Ku ga gidan Sarki, ku zaga unguwar Birni da gidajen ƙasa masu zane a jikin bango, irin wanda Kanawa suka rushe nasu suka zuba siminti. Zinder ita ce babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar Yamai a 1926. Ku ci kilishi na gaske, ba wannan mai kama da takarda ba.

Malam Na-Gwale:
Ba Damagare a yi dai a hankali da Kanawa, muna nan.

Ba Damagare:
Malam ai kun san mu mun san ku, tun zamanin kakanni. Amma maganar gaskiya Alhaji, in za ka zo ka zo da takardu cikakku: na kowa da kowa har yara, katin rigakafin shawara, da takardun mota da sunan wanda ke tuƙi ko takardar izini daga mai ita. Tun da aka rufe iyaka a 2023 aka buɗe a 2024, sannan Nijar ta fita daga ECOWAS, jandarmomi sun ƙara sa ido. Ga canji, naira ba ta da ƙarfi a gaban sefa yanzu, jika goma sai ka ji kamar an yanke maka aljihu.

Baban Khalifa:
Ina sha'awar Damagaram wallahi, kakanmu na wajen uwa daga can ya zo. Amma motar aro ce, kwana huɗu ne, kuma fasfon Hajiya ya ƙare. A bar shi sai na zo ni kaɗai.

Uwar Biyu:
Ni duk ban ji wanda ya tambayi abu ɗaya ba. Bayan kwana nawa ana hidimar biki, wa zai yi wankin yara, wa zai haɗa kaya, wa zai yi ta fama da "Mama zan yi fitsari" a hanya? Maza in kun ce hutu, ku kuke hutawa. Matar nan za ta fito daga kamu da yinin biki da kai amarya, ƙafa a kumbure, washegari a ce ta hau mota awa biyar. Baban Khalifa ka ba ta kwana ɗaya ta yi barci tukuna. A ranar kai ka ɗebi yaran ka zaga da su Kano, don na tabbata ko Dala ba su taɓa hawa ba. Ka kai su marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma zane a baba ya fito kore ya koma shuɗi a idonsu. Gidan Makama na nan kusa da gidan Sarki. In kuma gero kake so ya gani, kai shi kasuwar hatsi ta Dawanau, lokacin kaka ne, ya ga buhunan gero da wake da riɗi da zoɓo an jera su kamar gini. A hanya ka saya musu rake da gyaɗa sabuwa da fara soyayya, ka ga wanda zai iya ci.

Maman Ilham:
Uwar Biyu Allah ya ja kwana. Maganar da ke bakina ke nan.

Ɗan Bauchi:
An fara taron mata, mu mun yi nan.

Uwar Biyu:
Dawo ka zauna, kai ma matarka na cikin gidan nan tana karantawa.

Baban Khalifa:
Hajiya Uwar Biyu na karɓi gyara, kuma na miƙa wa uwargida wayar ta karanta da kanta, ta ce a gaishe ki da kyau. To in na cire ranar hutun nan saura kwana uku. Ga yadda nake gani, ku duba min. Lahadi hutu da zaga Kano. Litinin da sassafe mu kama hanyar Bauchi mu kwana can. Talata mu shiga Yankari mu kwana. Laraba mu fito. Jirginmu na komawa Legas daga Kano ne ranar Alhamis da safe.

Direban Dogon Zango:
Larabar nan ce ban so ba. Daga Wikki zuwa Kano a yini ɗaya awa bakwai ne in ba a yi wasa ba, kuma na san yara, ba za su fito daga ruwan nan da wuri ba. In ka bar Wikki ƙarfe goma sha ɗaya, magariba za ta same ka wajen Wudil, daidai inda manyan motoci suka fi yawa. Ko dai ku fito ƙarfe bakwai ba wanka, ko ka mayar da jirgin yamma ko Juma'a.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Kuma kwana ɗaya a Wikki asara ce. Zagayen safe shi ne zagaye, wanda ake fita da hantsi bai ɗaga ba. In ka isa Talata da azahar, ka yi na yamma, Laraba da safe kana gaggawar fita, ka rasa mai kyan. Ni da zan tsara maka: Litinin ku tashi da wuri, ku tsaya Birnin Kudu ku ga zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, shanu ne masu dogayen ƙaho, minti talatin ya isa. Da kun wuce Ningi akwai Kafin Madaki, inda tsohon gidan Madaki yake, ginin shahararren maginin nan Babban Gwani, kuma a yankin ne dajin Sumu yake, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Waɗannan sun fi sauƙin gani. In lokaci ya ba ku ku leƙa, in bai ba ku ba ku wuce. Da yamma a Bauchi ku ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa, babban yaronka ya isa ya fahimci abin da ya faru a Janairun 1966. Talata da Laraba ku kwana Wikki. Alhamis ku juyo Kano a natse. Jirgi Juma'a.

Malam Na-Gwale:
Kwana huɗu ya zama biyar ke nan. Ina dai ƙirgawa.

Maman Ilham:
Batun jirgi, ko ba don Yankari ba ka bar tazara. Wata shekara hazo ya sauka mana a Kano, muka yini a filin jirgi da yara tun safe, daga ƙarshe aka ce sai gobe. An fi yin haka a Disamba da Janairu, amma hazo ba ya duba kalanda. Kada ka sa komawarku daren da za a wayi gari yaro na da jarrabawa.

Bakatsine Mai Kunya:
Wato dai an kayar da ni. Ba komai. Amma Yallabai ka yi min alkawari ɗaya. A hanyar Ningin nan, in ka ga mutane na aiki a gona, ka tsaya ka yi sallama. Ba wanda zai hana ka. Ka ce yaro ne bai san gero ba, za su yi dariya su karyo masa zangarniya, wataƙila har su ba shi sanda ya taya su bugu. Ya taho da ita Legas ya kai makaranta.

Baban Khalifa:
Na yi alkawari. Daura kuma tana nan, in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekarar karatu. Yanzu saura magana ɗaya. Na so in bar Hajiya a Kano wurin ƙanwarta ta huta, don tafiyar da nisa. Da na gaya mata, sai ta ce wa ya ce min ta gaji? Ta ji an ce ruwan ɗumi ne, ta ce ƙafarta ƙafarmu, gwiwar ma shi take nema.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
To a nan sai an yi shiri. Ruwan yana ƙasan tudu ne, daga masauki sai an sauka matakala masu ɗan yawa, kuma saukar ba ita ce wahala ba, hawowar ce. Ku bi da ita a hankali, mutum ɗaya a kowane gefe, a huta a tsakiya. Sau ɗaya a yini ya ishe ta. Ku je da sassafe ranar aiki kafin 'yan makaranta da matasa su cika wurin, ta samu gefe marar zurfi ta zauna ta miƙe ƙafa da zanenta, ba mai takura mata.

Nas Hauwa:
Ɗumin zai sassauta mata, amma kada ta ajiye maganinta ta ce ta samu na gargajiya. Kuma takalmin roba mai kama ƙasa, matakala in ta jiƙe santsi gare ta.

Uwar Biyu:
A ɗaura mata jakar goronta a ciki kuma, kada birin Maman Ilham ya gani.

Maman Ilham:
Wallahi har yau ina jin haushin kular nan, sabuwa ce fil.

Ɗan Bauchi:
Alhaji in kun wuce Ningi ka yi min magana ta akwatin sirri, zan tare ku a bakin gari. Masar da Anti Rabi ta ɗora min na ɗauka, da miyar taushe. Mutum shida ko?

Baban Khalifa:
Bakwai. Ƙanin nawa ya ji tsarin, ya ce motarsa ba ta zuwa Yankari ba shi.